Duron Kashin Shanu da Digirina na Biyu

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gidanmu a Limanti cikin Maiduguri da akwati ɗaya, da takardar shaidar cewa ni injiniyar sinadarai ce, da kuma wata tambaya da ta hana ni sakat. Ina so in koma jami'a in yi digiri na biyu, amma fom ɗin da na sauke daga intanet layi uku ne a ƙarƙashin sashenmu, kuma ɗaya tak aka ce a zaɓa: injiniyancin sinadarai, injiniyancin makamashi, ko injiniyancin muhalli. Sati uku takardar nan tana cikin jakata. Ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya, ban ɗora mata biro ba.

Babana Bakano ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Kasuwar Litinin tun kafin a haife ni. Ranar da na samu gurbin karatu ya ji an ce kemikal, shi kuma kunnensa kemis ya kama. Shekara biyar na yi ina karatu, shekara biyar yana gaya wa maƙwabtan rumfarsa cewa 'yarsa haɗa magani take koyo. Ban san abin ya yi nisa ba sai ranar da Inna ta aike ni in kai masa abincin rana. Ko zama ban yi ba wani dattijo mai sayar da huluna ya taso daga rumfar gaba, ya yi mini wushe-wushe, gaisuwar Kanuri, har sau uku, ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini gwiwar hannu.

"Duba min nan, 'yata. Wata biyu ke nan yana ƙaiƙayi."

Na ce, "Baba, ni ba likita ba ce. Mu aikinmu a masana'anta yake. Matatar mai, takin zamani, siminti, sabulu, irin waɗannan."

Ya kalle ni, sannan ya ce, "To wane sabulun zan riƙa wanka da shi?"

Don in rabu da shi na nuna masa wani a teburin mai kayan masarufi. Bayan kwana goma ƙaiƙayin ya tafi, ban san dalili ba. Daga ranar na daina kai abinci kasuwa, domin layin huluna gaba ɗaya jirana suke yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na baje fom ɗin a tabarma, na ce ina neman shawara. Na fara da na sinadarai. Baba ya ce wannan ai shi na riga na karanta, wa yake sayen atamfa iri ɗaya sau biyu? Na koma na makamashi, na ce shi ne karatun inda ake samo wuta da zafi, daga rana, daga iska, daga gas. Inna ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Wato za ki iya dawo mana da wutar nan?"

"Inna, ba ni ce nake ɗauke ta ba."

"Na sani. Amma in kin karanta za ki san inda suke ajiye ta."

Da na zo kan na muhalli na ɗan gyara murya, don na san inda za a je. Na ce shi ne na tsabtace ruwan da ya gurɓace, da sarrafa shara, da hayaƙin masana'antu, da tsara yadda gari zai rabu da ƙazantarsa ba tare da ta dawo masa ta rijiya ba. Baba ya cire tabarau.

"Duba-gari."

"Ba duba-gari ba ne, Baba."

"Mai leƙa randar mutane da shaddarsu. Na san su tun ina yaro a Kano. In an hango su matan unguwa har kifar da tulu suke yi. Digiri biyu za ki haɗa ki zama duba-gari?"

Aka tashi taro ba a yanke komai ba, sai dai Inna ta roƙi in duba mata fitilar caji da ta daina kamawa.

Na je wurin wani tsohon malaminmu a jami'a, wanda ya duba aikina na shekarar ƙarshe. Mutum ne marar yawan magana, ofishinsa cike da takardu har bisa kujerar baƙi, don haka a tsaye na yi bayani. Ya ce in daina tambayar mutane. Ya ce in nemi wani ƙaramin aiki in yi da hannuna, in lura da ɓangaren da ba na gajiya da shi, to nan ne karatuna yake. A keke kan hanyar gida dabara ta faɗo mini. Akwai aiki ɗaya da ya haɗa ukun duka: samar da gas ɗin girki daga kashin shanu. A zuba kashin da ruwa a cikin duro, a rufe shi ruf kada iska ta shiga, ƙwayoyin halitta su cinye shi su fitar da gas. Abin da ke faruwa a ciki sinadarai ne, abin da ke fitowa makamashi ne, rage ƙazantar kuma muhalli ne. Mun yi shi a aji, na ci jarrabawarsa da kyau. Ban taɓa ganinsa da idona ba.

Inna ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta nuna mini tsakar gidanmu da ludayi. Gidajen Limanti a manne suke, in maƙwabciya ta yi atishawa mu ne muke ce mata yarhamukillah. Ta ce in dai tana raye ba za a jiƙa kashin shanu a wajen da take shanya kuka ba. Ta ce in tafi wurin ɗan'uwanta.

Kawu ƙanen Inna ne, tsohon akawu a wata ma'aikata, ya yi ritaya ya gina gida a Maisandari, can bakin gari inda fili yake da yalwa. Yana da shanu biyu a bayan gida da bishiyar dalbejiya da lokaci mai yawa da bai san abin da zai yi da shi ba. Matarsa, wadda muke kira Anti, Kanuri ce, kuma sana'arta turaren wuta da humra. Tun daga bakin layi ake jin ƙanshin gidan. Amare daga unguwanni masu nisa suke aiko mata, kuma tana da wani irin hanci da in ka shigo za ta gaya maka abin da aka dafa a gidan da ka fito.

Kawu ya karɓi maganar hannu biyu. Ya ce dama ya gaji da gawayi. Ya tambaya ko gobe da safe za a iya dafa shayi da shi, na ce sai an ɗan jira. Ban faɗi kwana nawa ba, shi ma bai tambaya ba. Anti kuwa tambaya ɗaya ta yi.

"Zai yi wari?"

"Anti, a rufe yake ruf. Ko ƙuda ba zai san da shi ba."

Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa ta ce to.

Na samo shuɗin duro na roba, da bututu biyu, da tiyo, da gam, da tub ɗin tayar babbar mota daga wurin wani mai faci, wanda a ciki gas ɗin zai taru. Kwana biyu na yi ina huda ina liƙewa a gindin dalbejiya, Kawu yana zaune a kujera yana ba ni umarnin da ban nema ba. Sai matsalar farko ta taso. Shanun Kawu biyu ne, kuma ba sa aiki da gaggawa. Na lissafa na ga in su kaɗai zan jira, sai damina ta zo duron bai cika ba.

Haka na sa safar hannu, na ɗauki bokiti biyu, na shiga gidajen unguwa masu kiwo ina sallama. A gida na farko matar ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta kira surukarta ta ce in sake maimaitawa a gabanta. Tsohuwar ta tambaya ko malami ne ya ce in nemo, kuma na baƙar saniya ake so ko na fara. Na ce bincike ne na jami'a. Ta gyaɗa kai irin na wanda ya gane ba a son a faɗi sirri, ta ce Allah ya biya bukata, ta zaɓo mini mafi ɗanye da kanta. Kafin sati ya zagayo ba na ma bukatar fita. Sai dai mu ji sallama, a ce daga gidan wane ne, ga na yau. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya turo baro guda, ya ce in abin ya ci a tuna da shi.

Na dama kashin da ruwa, rabi da rabi, da wata tsohuwar muciya da Anti ta ce kada ta ƙara ganinta a duniya. Na ɗura, na rufe, na rubuta ranar a littafina. Lokacin bazara ne, zafin Maiduguri yana kan ganiyarsa, kuma a karatu an ce zafi ne abin da ƙwayoyin suke so. Na ce musu ga gari nan, ku yi yadda kuke so.

Kullum da safe nakan hau keke daga Limanti in zo in tarar da tub ɗin a kwance shame-shame. Kawu ya ɗauki al'adar kara kunnensa a jikin duron. Wata rana ya ce ya ji motsi, na zo da gudu, ashe cikinsa ne. A kwana na tara tub ɗin bai motsa ba, amma wani abu ya fara fita. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, siriri, mai bin iska, ba ka sanin ya iso sai ya riga ya zauna a maƙogwaronka.

Ranar wata Hajiya ta zo karɓar turaren 'yarta. Anti ta zuba mata ɗanɗano a kasko, hayaƙi ya tashi, Hajiya ta lumshe ido ta shaƙa. A daidai lokacin iska ta juyo daga bayan gida. Hajiya ta buɗe ido a hankali ta ce, "Wannan sabon haɗi ne?"

Bayan ta tafi Anti ta zo ta same ni a gindin dalbejiya. Ta fara da Hausa, da abin ya fi ƙarfin Hausa ta koma Kanuri. Kanurina na kasuwa ne, amma na gane sunan saniya, na gane na jami'a, na kuma gane an ambaci Inna. Na ce mata wani wuri ne yake yoyo, kuma na shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar ban ga kumfa ba. Ta ture ni gefe, ta ɗaure ɗankwalinta, ta sunkuya ta bi duron da hanci kamar yadda take bin kwalaben humra. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta ɗora yatsa a ƙarƙashin murfin, ta baya, inda ban taɓa dubawa ba.

"Nan."

Na shafa sabulu, kumfa ta taso. Na liƙe da gam. Washegari tub ɗin ya fara kumbura, bayan kwana uku ya yi tim kamar zai yi magana.

Kawu bai shawarce ni ba ya sanar da ranar gwaji. Baba ya bar rumfa a hannun maƙwabcinsa ya zo da babbar riga, Inna ta zo da garin shayi da madara, masu ba da kashi su ma suka zo ganin inda dukiyarsu ta shiga. Na haɗa tiyo da ƙaramin murhun gas, na ɗora buta, na buɗe, aka ji iska tana fita fiii. Na ƙyasta ashana na kai. Ta mutu. Na ƙyasta wata, ita ma ta mutu. Kawu ya ce hannuna ne yake rawa, ya karɓa, ya kunna takarda guda ya kai bakin murhun, wutar ta mutu murus kamar an hure ta.

Sai Baba ya ce, a hankali, kamar mai son ya yi mini adalci, "To ai wannan ma abu ne. Ta ƙirƙiro iskar da take kashe wuta. A kasuwa muna bukatar irinta."

Aka dafa shayin da gawayi. Na sha nawa a bayan duro.

A nan ne na ji an yi gyaran murya ta kan katanga. Maƙwabciyar su Kawu ce, wata dattijuwa 'yar kudancin Borno da kowa yake kira Malama. Shekara talatin ta yi tana koyar da kimiyya a sakandare kafin ta yi ritaya, yanzu ita ce take kula da ƙungiyar mata a cocinsu. Ta ce tun ranar farko take kallona ta tsakanin rassan zogalenta, ta yi shiru ne don ta ga iya gudun ruwan digiri. Ta zagayo ta ƙofa da kofin gilashi da ɗanyen zoɓo marar sukari.

Ta ce iskar farko dama ba ta kamawa, wannan kowa ya sani, in sake ta ta tafi. Na ce na sani, mantawa na yi saboda jama'a. Ta ce amma warin da take ji ba na lafiya ba ne, akwai tsami a ciki. Ta sa na ɗebo ruwan duron ta bututun fita, muka tace da tsumma, ta ɗiga a cikin zoɓon. Ta ce a makarantar ƙauyen da ta fara koyarwa babu kayan awo, da zoɓo suke gane tsami: in ya ƙara ja, abin ya yi tsami, in ya koma duhu-duhu zuwa kore, ya yi kanwa-kanwa. Namu ya yi jawur.

"Me kike ba shi ban da kashin?"

"Babu komai, Mama. Ga littafina."

Ta duba littafin, ta duba duron, sannan ta juya ta dubi Kawu, wanda ya fara nazarin ganyen dalbejiya.

"Maigida, kai fa?"

Kawu ya ce shi bai yi komai ba. Ya ce taimako ne kawai. Ya ga abin ya kwana tara bai ce uffan ba, ya ce a ransa ko ɗan adam ne aka ajiye a kan abinci iri ɗaya ai zai yi zuciya. Sai ya fara ba shi sauran tuwo. Da ya ga bai ƙi ba, ya ƙara da sauran kunun tsamiya, da ɓawon lemon tsami, da wani nono da ya kwana biyu. Ya ce ranar Talata ma har da miyar yakuwa, kuma ya lura ranar ya fi kumbura.

Na zauna a kan bokiti na fitar da biro. Na fara lissafin yawan abin da za a zuba a kashe tsamin, da irin sinadarin, da inda zan same shi a garin nan, ina tuno darasin shekara ta uku. Na cika shafi guda na juya na biyu. Anti, da take tsaye tana jin komai, ta shiga kicin ta fito da dunƙulen kanwa a hannu.

"In miya ta yi tsami me ake sa mata?"

Na dubi Malama. Malama ta ce, "Ni ma abin da zan ce ke nan, amma na so in ga ƙarshen lissafin."

Muka jiƙa kanwar, muna zubawa kaɗan-kaɗan muna gwadawa da zoɓo, kwana huɗu, har jan ya lafa. Anti ta ce humra ma sai ta yi sati shida a rufe kafin ta nuna, kuma ba a buɗe ta kullum ana tambayarta. Aka hana Kawu zuwa kusa da bututun. Ya ce an yi masa rashin adalci, shi da ya ciyar da abu da hannunsa.

Waɗannan kwanakin ne ban gaji da su ba. Ina zuwa tun da hantsi, in ɗebi ruwan, in tace, in gwada, in shaƙa, in rubuta. Na fara gane lafiyar duron daga warinsa kafin zoɓo ya faɗa. Ruwan da yake fitowa ta ɗaya bututun kuma ya daina wari, ya koma baƙi mai ƙanshin ƙasa, Malama tana karɓa a bokiti tana zuba wa alayyahunta. Nakan tsaya in yi ta kallonsa ina mamakin yadda abin da na shigar yana korar mutane ya fito ana roƙonsa ta kan katanga. Sai yamma ta yi in tuna ban ko duba tub ɗin ba.

Gwaji na biyu ba mu gayyaci kowa ba. Ni ce da Kawu da Anti da Malama, da rana tsaka. Na buɗe, na ƙyasta, na kai. Aka ji wani ɗan buf, ashanar ta ƙone, amma ba a ga komai ba.

"Ya sake mutuwa," in ji Kawu.

"Kawu, tsaya, wutarsa shuɗiya ce, ba a ganinta a rana."

"Wace wuta? Ga shi nan babu komai."

Ya sunkuya ya kai fuska don ya nuna mana babu komai. Muka ji ƙauri. Ya yi tsalle da baya yana kaɗe gemu, gefe ɗaya ya nannaɗe kamar zaren buhu. Bai ƙone ba, Allah ya tsare, amma ranar sai da wanzami ya daidaita masa ɗaya gefen. Yana dafe da haɓa yana cewa, "Ya kama! Wallahi ya kama!" Malama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Anti ta yi guɗa, sannan ta tuna tana fushi da duron ta katse ta a tsakiya.

Muka ɗora buta. Ruwan ya fara 'yan ƙwayoyi a gindi, ya fara ƙara, muna tsaye a kansa mu huɗu, sai tub ɗin ya lotse, wutar ta yi ƙasa ta ɗauke. Shayi mai ɗumi-ɗumi muka sha. Kawu ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Da na kai wa Baba labari ya tambaya ko shayin yana ɗanɗanon saniya. Na ce a'a. Ya ce duk da haka in ya zo a dafa masa nasa da gawayi, ba don komai ba, don ya saba.

A satin na cike fom ɗin, sabo, don tsohon ya gama rabuwa biyu. Na zaɓi muhalli. Wutar ta burge ni na minti goma sha biyu, amma abin da ke cikin duron ya riƙe ni wata guda da rabi. Na gaya wa Baba a rumfa, yana auna wa wata mata shadda. Bai ɗago ba ya ce in dai akwai kalmar injiniya a gaban sunan, sauran shi zai san yadda zai faɗa.

Ranar ganawa da malaman sashen na tafi da littafina. Su uku ne a bayan tebur. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi dalilin zaɓina, na ce dalilin yana cikin littafin nan, na miƙa masa. Ya buɗe. Littafin ya yi sati shida tsakanin duro da ɗakin turaren Anti, ya kwashi rabonsa daga kowanne. Malamin ya karanta shafi biyu, ya tashi ya buɗe taga, ya dawo ya ci gaba. Ya daɗe a kan shafin da na jera abincin da Kawu ya bayar. Ya tambaya nawa ne nauyin miyar yakuwar, na ce ba a auna ba, amma Kawu ya ce kwano ɗaya ne ba a cika ba. Ya rubuta wani abu. Bayan wata biyu sunana ya fito.

Aikin farko da aka ba mu a zangon farko shi ne ɗebo ruwa daga magudanan unguwanni mu kawo ɗakin gwaji. Ni aka tura wata babbar kwata a bayan wani layin masu wanki da rini. Na sa dogon takalmin roba a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗaura hijabi a ƙugu don kada ya jiƙe, na shiga har ƙwauri. Ina cika ƙananan kwalabe, ina ɗaga kowace in duba ta a hasken rana, ina shaƙawa, ina faɗa wa kaina lambarta da ƙarfi don kada in manta kafin in rubuta.

Wata mata mai lafaya ta zo wucewa ta tsaya a kan gadar katako. Ta daɗe tana kallona. Na ɗago na gaishe ta, na ce mata aikin makaranta ne.

"Eh, 'yata, na makaranta ne," in ji ta, da murya mai taushi. "Yi abinki a hankali. Gidanku da nisa?"

Na ce Limanti. Ta ce Allah sarki, har daga can. Ta kwance bakin lafayarta ta fito da dabino uku, ta ajiye mini a kan dutse inda ruwa ba ya kaiwa, ta ɗaga hannu ta yi mini addu'ar samun sauƙi mai tsawo, har da iyayena da suke fama. Na ce amin, don addu'ar ta yi kyau kuma kwalba ce a hannuna biyu. Ta tafi tana waiwaye.

Na ƙarasa kwalba ta goma sha biyu, na fito, na wanke hannu da sabulu sau uku a wurin masu wankin, na zauna a inuwa na cinye dabinon. Mai laushi ne.